Ina babur zai kwana? Zaure, wajen maigadi, ko kejin ƙarfe

Duk mai babur da ke zaman haya a Kano ya san wani irin barci da ake yi da kunne ɗaya a buɗe. Ƙarfe uku na dare kare ya yi haushi a bakin lungu, ko akuya ta goga jikinta da ƙyaure, sai ka tsinci kanka zaune a kan katifa kana laluben tocila. Shekara bakwai ke nan ina hayar ciki da falo a gidan da mu shida ne a ciki, ba get, ba gareji, kuma a tsawon wannan lokaci babur ɗina ya kwana a wuri biyar daban-daban. Kowane wuri ya ci wani abu nawa: wani kuɗi, wani barci, wani kuma mutunci.

Abin ya ƙara tsanani tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Masu motoci da yawa sun jingine su sun koma kan ƙafa biyu, naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya. Abin da a da in an sace za ka yi adashi ka mayar, yau in ya tafi ya tafi ke nan. Saboda haka in abokin aiki ya sayi sabo ya zo yana tambaya ta inda ya fi araha, ba na fara masa da maganar kuɗi. Nakan tambaye shi ƙarfe nawa yake dawowa gida, ƙarfe nawa yake fita, kuma shekara nawa yake sa ran yi a gidan da yake ciki. Amsar waɗannan ita ke zaɓa masa wuri, ba aljihunsa ba.

Zaure shi ne garejin talaka tun zamanin keken Rali, kuma nan kowa ke fara kai hankalinsa, tunda ba a biyan ko sisi. Ruwa ba ya dukan babur, rana ba ta cin kujerarsa, mai wucewa a titi bai ma san yana nan ba. In kai ne mai gidan, ko kuwa kai kaɗai ne mai babur a gidan, kar ka wahalar da kanka da karanta sauran bayanin nan, sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau ka kwanta.

Sai dai zauren gidan haya ba naka ba ne. Kafin komai ɗauko awo. Babur irin Boxer ko TVS tsawonsa ya kai kusan mita biyu, faɗinsa daga madubi zuwa madubi kuwa yana gab da cika ƙofa mai ƙafa uku. Zaurukanmu kuma da gangan ake gina su ƙofar waje ba ta kallon ta ciki, don kada na titi ya hango tsakar gida, to wannan lanƙwasar da ke tsare mutuncin matan gida ita ce ke kankare fentin tanki kullum safe da yamma. Ga dokin ƙofa da aka ɗaga saboda ruwan damina. Dokin ƙarfe da dokin ƙofa ba sa shiri: ko ka ajiye guntun katako na hawa, wanda yara za su mayar abin wasa, ko ka roƙi mai gida ya bari a zuba ɗan gangare na siminti.

Babban kuɗin zaure ba da naira ake biyansa ba. Wata rana na dawo daga aiki da la'asar na kafe babur na shige ciki, ko ruwa ban kai ga sha ba na ji ihun yarinya. 'Yar maƙwabciyata ce, shekararta uku, ta raɓa ta wuce ƙaurinta ya taɓa salansa. Uwar ta ɗauko ta ta tsaya a ƙofar ɗakina, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, don Allah dubi ƙafar yarinyar nan." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na biya kuɗin magani, tabon kuwa yana nan har yau, ina ganinsa kullum in ta fito za ta Islamiyya. Daga ranar nake kashe babur tun daga bakin lungu in turo shi, in zauna a dakali sai ya huce sannan in shigar. Ƙara da ɗigon baƙin mai a daɓe, da masu ɗebo ruwa da za su riƙa karo da shi, da ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan aka ce kowa ya fitar da nasa. Sannan sakatar zauren haya ta kowa ce, wato ba ta kowa ba. Wani ya dawo daga kallon ƙwallo sha biyun dare ya turo ƙyaure kawai ya wuce, wani ya fita sallar Asuba ya bar shi a hangame. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kuma tsagar zaure tana tsakanin kiran sallar farko da fitowar rana.

Shigar da babur cikin ɗakin kwana kuwa, na yi shi wata biyu ina gwauro, ba kuma zan ba kowa shawararsa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda katifarka take, daidai inda ake ajiye kurfoti da maganin sauro na kunnawa. Lokacin hunturu da ake toshe tagogi a shigo da garwashi abin ya fi muni. Wanda kuma ke tayar da inji a ɗaki don ya yi ɗumi, hayaƙin da yake shaƙa shi ne dai wanda ke kashe mutane in sun kwana da janareta a rufe. In larura ta sa dole, a rufe famfon mai tun kafin a iso gida, a bar taga a buɗe, kada wuta ta shigo ɗakin.

Na biyu da mutane suka fi yi shi ne kai shi wajen maigadi. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya cika gari, shi kuma ba ya shiga zaure. Haka kangwaye da filaye masu katanga da harabar wasu gidajen mai suka zama makwancin ababen hawa, masu babur muka raɓu da su. Da wuya ka rasa irin wannan wuri a unguwarku in ka tambayi direbobin A Daidaita Sahu inda suke kwanar da nasu.

Inda na yi shekara biyu wani kango ne mai ƙofa ɗaya, maigadinsa dattijon Buzu ne daga wajen Agadas, kullum butar shayinsa na kan garwashi, takobinsa jingine da bango. Ranar farko bayan mun gaisa na ce, "Baba, in aka wayi gari babu mashin ɗin nan, yaya za a yi?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam."

Na ce, "Amin. To amma in an wayi garin fa?"

Ya zuba shayi daga sama ya mayar buta, sannan ya ce, "Malam, ni gadi nake yi. Allah ke tsarewa."

A lokacin na ɗauka zamewa ce. Daga baya na gane gaskiya tsagwaronta ya faɗa mini, kuma ita ce gaskiyar da ya kamata kowa ya riƙe kafin ya miƙa kuɗinsa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wanda aka ba ajiya amini ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma mai gadi ko da biyansa ake yi hukuncinsa ke nan. Ko da an tabbatar da sakacin ma, mutumin da abin da ya mallaka bai wuce tabarma da buta ba, da me zai biya ka miliyan? Kuɗin da kake ba maigadi kuɗin idonsa ne, ba kuɗin lamuni ba. Saboda haka idon za ka auna. Je ka wurin ƙarfe biyu na dare sau ɗaya ba tare da ka sanar ba, ka ga ko a farke yake, ko akwai haske, ko ƙofa ɗaya ce da gaske ko akwai inda katanga ta zube ta baya. Duba ko yana da littafin da yake rubuta lambar kowane abin hawa, ko yana ba da kati. Ka gaya masa a gaban shaida cewa ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ya zo da makulli kada ya ba shi sai ya kira ka. Ka kuma san waye mai filin, domin ranar da za a kawo bulo a fara gini ba wanda zai ba ka notis.

Lissafinsa mai sauƙi ne, amma mutane ba sa yi. A ce, misali, naira 200 ake karɓa a dare. A ido ba komai ba ne, bai kai kuɗin shayi da burodi ba. A wata ya zama 6,000, a shekara 73,000. Sa farashin unguwarku a madadin wannan ka buga, ka kuma nemi a yi maka na wata, yawanci akan rage. Akwai kuma ɓarawon da maigadi ba ya gani, wato ɓera. Ba ɗauke babur zai yi ba, tiyon mai zai zare ya tsiyaye rabin lita, ko ya kwance madubi, ko ya musanya maka batir. Na sha barin tanki a rabi in tarar da shi ya kusa ƙasa. Ban taɓa kama kowa ba, ban kuma zargi Baba ba, abin hawa arba'in ne a gabansa. Na koma sayen mai da safe maimakon da yamma, magana ta ƙare.

Abin da ya raba ni da kangon ba sata ba ce. Daren da naƙuda ta kama matata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, sai da na yi gudun minti goma cikin taɓo, na yi ta dukan ƙofar langa-langa, Baba ya buɗe, muka tarar da A Daidaita Sahu uku sun toshe babur ɗina, masu su na gidajensu suna barci. Muna turawa muna ja har aka samu hanya, sannan na tafi ɗauko unguwarzoma. Allah ya sa aka sauka lafiya. Amma duk mai iyali, ko mai tsoho marar lafiya a gida, ko ma'aikacin da ake iya kira cikin dare, ya sa wannan a ma'auni. Wajen maigadi ya dace da wanda fitarsa da dawowarsa ke da ƙa'ida, kuma tafiyar ba ta wuce minti biyar a ƙasa ba.

Gidan maƙwabci ko ɗan'uwa mai get kyauta ne a baki. Da kunya ake biya. Alhaji na rufe gidansa bayan sallar Isha'i, kai kuma ɗaurin aure ya tsare ka a Wudil, sai ka tsaya kana ƙwanƙwasa wa mutum gida sha ɗayan dare kamar mai bin sa bashi. In kuwa wani abu ya samu babur ɗin, bakinka alekum, ba ka da ta cewa, alfarma aka yi maka. Ya yi wa mai dawowa kafin Magariba, da sharaɗin ya riƙa tunawa da yaron da ke buɗe masa ƙofa, kada sai da salla.

Haɗa kuɗi a kama shago ya fi yadda ake zato kyau. Kowace unguwa akwai shagunan da ke can cikin lungu waɗanda kasuwa ta ƙi, masu su neman mai kamawa suke. Shago ɗaya zai ɗauki babur huɗu ko biyar, ga rufi, ga ƙofar ƙarfe, haya kuma in aka raba ta biyar sau da yawa ba ta kai kuɗin maigadi ba, ko da an haɗa da la'adar dillali. Cikas ɗinsa makulli. Mutum biyar makulli biyar, kowa na da ƙane, kowane ƙane na da aboki. In ɗaya ya sayar da nasa ya fita a tsakiyar shekara, kasonsa ya dawo kanku. Sannan ba mai kwana a ciki, in an fasa ba wanda zai ji. Tsakanin 'yan'uwa ko abokan aikin da suka daɗe tare yana tafiya, musamman in shagon na jikin gidan ɗayanku. Da mutanen da a majalisa kawai kuka saba, ban ga alamar zai yi ƙarko ba.

Barin sa a ƙofar gida da sarƙa da tamfol shi ne mafi araha a ranar farko, kuma araha ba ta ado. Makullin wuya da kamfani ya sa ba abin dogaro ba ne, ƙato ɗaya zai murɗe kan babur da ƙarfi ya karya shi. Ko bai karye ba, babur kilo ɗari da 'yan kai ne, mutum uku za su ɗaga shi cak su jefa a bayan mota kafin ka gama neman takalminka. Don haka sarƙar da ba a ɗaure ta da wani abu kafaffe ba kwalliya ce. A haƙa rami a binne zoben rodi mai kauri cikin kankare, a zura sarƙa ta cikin firam, ba ta tayar gaba ba, domin tayar gaba noti ɗaya ake kwancewa a bar maka ita ka yi ta kallo. Kwaɗo kuma kada ya kwanta a ƙasa, a ƙasa ne ake samun wurin dukansa da guduma, a bar shi yana lilo. Tamfol yana da amfani guda da ba a cika faɗa ba: yana ɓoye ko sabo ne ko tsoho. Amma in ka rufa salansa na da zafi zai narke ya manne, in ka rufa a jiƙe cikin watan Agusta tsatsa za ta ci sarƙar taya da bakin tanki, in kuma bai ɗauru tam ba iskar hunturu za ta riƙa kaɗa shi da ƙura yana goge fenti kamar samfefa. Roba-roba, wato babur mai jikin roba, ta fi shan wahala a waje, ranar Afrilu na gasa robobinta har su riƙa karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Tsohon babur da ɓarawo zai gani ya yi tsaki, a layin da 'yan sintiri ke aiki da gaske, to da babu gara ba daɗi. Sabo dal kuwa, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Saura keji, wanda shi ne na ƙarshe da na koma. Ɗan ɗaki ne na ƙarfe da mai walda ke haɗawa a jikin bango, tsawon mita biyu da rabi, faɗin mita ɗaya da ɗan ɗori, a rufa shi da langa-langa. Shi kaɗai ne a cikin duka ake biya sau ɗaya, kuma shi ya fi tsada a tashin farko, ga ƙarfe kullum farashinsa hawa yake, wanda ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa kwanan nan ya sani. Hanyar gane ko ya dace da kai ita ce ka karɓi jimillar kuɗin daga mai walda da magini, ka raba da abin da za ka ba maigadi a shekara. In ya fito shekara biyu, kai kuma ba ka da tabbacin mai gida zai sabunta maka haya baɗi, haƙura. In zama ya miƙa, daga shekara ta uku kyauta babur ke kwana, kuma a gindin tagarka.

Akwai abubuwan da mai walda ba zai yi ba sai ka tsaya a kansa. Ya yi wa kwaɗo akwatin ƙarfe ya rufe shi, yadda almakashin yankan rodi ba zai samu wurin kamawa ba. Hinjis su kasance ta ciki, domin ƙofar da hinjis ɗinta ke waje ba a buƙatar taɓa kwaɗonta. Ya bar tazara ƙarƙashin rufi iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba da bazara kejin tanda ne, fetur kuma a ciki. A ɗaga daɓe ya fi ƙasar waje tudu, a binne zoben sarƙa tun siminti na ɗanye. Ga ɗan haya kuma, a haɗa ɓangarorin da noti ta ciki maimakon a like su da walda, don ranar tashi ka kwance abinka. Kada ka hau kan kwata, kada ka ci hanya. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, na shafa jan fenti a kan abin da aka gina bisa titi ko magudanar ruwa, maƙwabta ma ba za su ƙyale ka ba in motar yashi ko makara ta kasa wucewa.

Wasu kan ce mini su tiraka suka sa, wato na'urar da ke nuna inda babur yake, ba ruwansu da duk wannan. Tiraka ba ta hana ɗauka, tana dai taimakawa wajen nema, in layin da ke cikinta na da kuɗi, in kuma ɓarawon bai riga ya gano inda bakanike ya ɓoye ta ba. Tana kuma shan batir in babur ya kwana biyu ba a tayar ba. Inshorar da yawancinmu ke yanka don 'yan sanda, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 3,000 ga babur daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da sata. Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar sata, ita kuma hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa, wato 50,000 a shekara ga babur na miliyan ɗaya, in ka samu kamfanin da zai karɓa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba ya tambayi masu takaful, wato inshorar Musulunci. Abin da ba ya cin ko kwabo shi ne ka ɗauki hoton lambar inji da ta shasi a wayarka, rasit na asali kuma ya zauna a ɗaki, ba ƙarƙashin kujerar babur ba, kada ka haɗa wa ɓarawo kaya da takardunsa.

Mai doguwar tafiya, aikin Hajji ko bautar ƙasa ko komawa ƙauye noma, lissafinsa daban ne. Biyan maigadi kullum a kan babur da ba a hawa asara ce. Nan ne gidan ɗan'uwa ya fi ko'ina, tunda ba ƙwanƙwasa ƙofa. A rufe famfon mai a bar inji ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, a cire wayar batir, a shafa wa sarƙa mai, a ɗora shi kan tsayuwar tsakiya. Makulli kuma ya bi ka, in ba haka ba ka dawo ka tarar ƙannenka sun koyi tuƙi.

Da na je neman izinin keji wajen mai gidanmu, na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To Malam, in ka tashi fa?" Na ce, "Baba Alhaji, in kwashe ƙarfena in bar maka daɓenka." Ya ce a rubuta. Muka rubuta a bayan rasit ɗin haya, limamin masallacin layinmu ya sa hannu.

Makon jiya sabon ɗan hayar ɗakin ƙarshe ya sayo Jincheng. Ya tare ni bayan sallar Magariba ya ce, "Yaya, na ga kejin nan naka kamar zai ɗauki biyu in an matsa." Zai ɗauka kuwa, na auna. Na ce masa bari in yi shawara. Kwaɗon makulli biyu gare shi, ɗaya a aljihuna, ɗaya wajen maman yara, kuma har yau ban ba shi amsa ba.